Babi na Shida: Daga Rochester zuwa Seneca Falls

Malamin tarihin da ya iso kan Amurka ta shekarun 1820 zuwa 1850 yakan tarar manhaja ta riga ta yanka masa darasin gunduwa-gunduwa: yaƙi da shan giya, gyaran makarantu, gyaran gidajen yari, kawar da bauta, haƙƙin mata. Kowace gunduwa da gwarzonta da shekararta. Horace Mann na makarantu, 1837. Dorothea Dix ta masu taɓin hankali, 1843. William Lloyd Garrison na bayi, 1831. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, kafin hutu ya ƙare ya manta. Ni ban ga laifinsa ba, domin an ɓoye masa abin da ya fi komai riƙe hankali a wannan zamani, wato cewa mutanen nan sun san juna. Wannan ya tuba a hannun wancan, wannan ya auri ƙanwar waccan, sun kwana a gidajen juna, sun yi rigimar da ta raba ƙungiya biyu. Idan aka bi zaren da ya haɗa su, shekarun da kansu za su zauna a kan ɗalibi.

Shawarata ita ce malam ya shiga aji da taswirar jihar Niyok, ya ja layi daga Albany a bakin kogin Hudson zuwa Buffalo a bakin tafkin Erie. Wannan layi shi ne mashigin Erie, hanyar ruwa mai tsawon mil 363 da aka fara haƙawa a 1817 aka gama a 1825. Kafin a buɗe ta, dakon tan ɗaya na kaya tsakanin Buffalo da birnin Niyok ya kai kusan dala 100. Da aka buɗe, ya faɗo zuwa wajen dala 10. A tsakiyar layin akwai Rochester, inda kogin Genesee ke gangarowa da ƙarfin da ke juya duwatsun niƙan alkama. A 1820 mutanen garin ba su wuce 1,500 da 'yan kai ba. A 1830 sun haura 9,000, a 1840 sun haura 20,000. Da yawa daga cikin abin da za mu koyar a wannan babi sun faru a kan wannan layi ko a kusa da shi.

Kafin a ambaci sunan wani mai wa'azi, a tsaya da ɗalibai a kan abin da irin wannan bunƙasa ke yi wa zaman mutane. A da, mai sana'ar takalmi ko ganga yana zaune gida ɗaya da yaransa. Tare suke ci, tare suke aiki, shi ke zuba musu wuski da rana, shi kuma ke tsawata musu idan sun wuce gona da iri. Duk ɗalibin da ya taɓa zama yaron shago a wurin tela ko maƙeri ya san irin wannan zama. Da ciniki ya buɗe, maigida ya koma ofis da sabuwar unguwa, ma'aikata suka koma gidajen haya da mashaya, babu mai sa musu ido. Ga kuma 'yan jirgin ruwa da ke wucewa dare da rana, ba su san Lahadi ba. Sai malam ya tambayi aji: a garin nan, hankalin wa ya tashi?

Cikin wannan hali Charles Grandison Finney ya sauka Rochester a watan Satumba na 1830, ya yi wata shida yana wa'azi. Lauya ne da ya ajiye aikinsa, kuma yana magana da jama'a kamar yana gaban alƙali. Cocin da yawancin mutanen yankin suka gada ya koyar da su cewa Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira, mutum ba shi da abin yi sai jira. Finney ya ce musu tuba na hannunsu, kuma yau ake yinta. Ya ajiye benci a gaban coci inda wanda zuciyarsa ta karaya zai fito ya zauna a yi masa addu'a kowa na gani. Yakan ambaci mutum da sunansa a cikin addu'a. Ya bar mata suna addu'a da murya a taron da maza ke ciki, suna bin gida-gida suna jawo maƙwabta. A nan ina roƙon malam ya yi haƙuri ya bayyana wannan saɓani na Kiristoci yadda masu shi suka fahimce shi, cikin girmamawa, ko da yawancin ajinsa Musulmi ne, domin in ba a gane shi ba sauran darasin ba zai tsaya ba. Wanda ya yarda cewa zunubi zaɓi ne da ake iya bari nan take, zai waiwaya ya dubi mashaya da kurkuku da kasuwar bayi, ya ce su ma aikin mutane ne, mutane kuma za su iya dainawa.

Masanin tarihi Paul Johnson ya bi rajistar cocin Rochester da takardun harajin garin, ya fitar da littafi a 1978. Abin da ya gano shi ne masu shaguna da masu masana'antu ne suka fara cika bencin Finney, ma'aikata suka biyo baya, a lokacin da zuwa coci da barin giya suka soma zama hanyar samun aiki da riƙe shi. Wannan muhawara ce mai kyau ga aji: imani ne ya motsa su, ko neman juya ma'aikata? Ni dai ra'ayina duka biyun suna nan a zuciya ɗaya, kuma ɗalibin da ya iya riƙe su tare ya fara zama masanin tarihi. Abin da ba na so shi ne a koya wa yara cewa duk wanda ya tashi gyara munafuki ne. Waɗanda za mu gani nan gaba sun sa rayukansu a kan abin da suka faɗa.

Batun giya yana bukatar alƙaluma, in ba haka ba ɗalibi zai ɗauka tsaurin ra'ayi ne kawai. A wajajen 1830, idan aka raba abin da ake sha ga duk Ba'amurken da ya kai shekara 15, kowa zai tashi da kusan galan 7 na tsantsar barasa a shekara, kusan ninki uku na abin da ake sha a can yau. Manomin yamma ya fi samun riba idan ya mayar da masararsa wuski kafin ya yi dakonta, don haka wuski ya yi araha har ya fi gahawa sauƙin saye. An kafa ƙungiyar ƙaurace wa giya ta ƙasa a Boston a 1826, kafin shekara goma mambobinta sun haura miliyan ɗaya, kowa ya sa hannu a takardar alƙawari. Zuwa 1845 abin da ake sha ya faɗo ƙasa da galan 2, a 1851 kuma jihar Maine ta haramta sayar da ita da doka. A ja hankalin ɗalibai ga yawan matan da ke cikin wannan tafiya da dalilin shigarsu. A dokar lokacin, dukiyar matar aure da ladan aikinta na mijinta ne, 'ya'ya ma nasa ne idan aka rabu. Matar mashayi ba ta da inda za ta kai kuka. A ce wa aji su riƙe wannan, za a dawo kansa.

Daga Rochester a matsa gabas kaɗan zuwa garin Auburn, inda gyara ya nuna wata fuskarsa. A da hukuncin ɓarawo bulala ne a bainar jama'a ko rataya. Masu neman gyara suka ce a raba mai laifi da miyagun abokai, a ba shi shiru da aiki da Littafi Mai Tsarki, zai shiryu. A 1821 aka kulle fursunoni kusan 80 a Auburn, kowa shi kaɗai a ɗan ƙaramin ɗaki, ba aiki ba magana. Wasu suka mutu, wasu suka haukace, cikin shekara biyu aka watsar da gwajin. Tsarin da ya maye gurbinsa shi ne kwana a kaɗaice, wuni a wurin aiki tare, amma baki a rufe. Fursunoni na tafiya a jere, kowa hannunsa a kafaɗar na gabansa, fuska a juye wajen gandiroba don ya ga ko leɓe ya motsa. A wurin cin abinci kowa bayan ɗan'uwansa yake kallo. Wanda ya yi raɗa, bulala. A Filadelfiya kuwa, gidan yarin da aka buɗe a 1829 ya riƙe kaɗaici zalla, har ana rufe wa sabon fursuna kai da ƙyalle kafin a kai shi ɗakinsa. Marubucin Ingila Charles Dickens ya ziyarce shi a 1842, ya ce azabar da ake yi wa ƙwaƙwalwa a nan ta fi ta jiki muni. Mutanen kirki ne suka tsara wannan da kyakkyawar niyya, kuma ya kamata ɗalibi ya ji nauyin hakan.

Dorothea Dix ta shigo ta wannan ƙofa. A 1841 ta je koyar da darasin Lahadi a wani kurkuku na East Cambridge, ta tarar da masu taɓin hankali a kulle tare da masu laifi a ɗakin da ba wuta cikin tsananin sanyi. Ta zagaye jihar Massachusetts tana rubuta abin da idonta ya gani, keji da sarƙa da tsiraici, ta miƙa wa majalisar jiha a 1843. Horace Mann, wanda ya zama sakataren hukumar ilimi ta jihar a 1837 ya kuma tsaya aka buɗe makarantar horar da malamai ta gwamnati a Lexington a 1839, yana cikin masu goya mata baya. Makarantunsa na kowa da kowa sun yi amfani ƙwarai, sai dai iyayen Katolika 'yan Ailan sun ga ana karanta wa 'ya'yansu fassarar Baibul ta Furotesta, kuma rigima a kan irin wannan ta jawo zubar da jini a Filadelfiya a 1844.

Yanzu a koma kan zaren. A 1826, a garin Utica da ke bakin mashigin, wani saurayi mai suna Theodore Weld ya tuba a hannun Finney. Ya fara da wa'azin barin giya, daga baya ya tafi makarantar horar da limaman coci ta Lane a Cincinnati. A can, a 1834, ɗalibai suka yi dare 18 suna muhawara a kan tambaya biyu: a 'yanta bayi nan take ko sannu a hankali, kuma daidai ne a kwashe baƙaƙen fata 'yantattu a kai Laberiya, kamar yadda wata ƙungiya da aka kafa a 1816 ke yi? Cikin masu magana akwai James Bradley, wanda aka sato daga Afirka yana yaro, ya yi aikin dare har ya fanshi kansa. Ɗalibai suka tsaya a kan 'yanci nan take, hukumar makaranta ta hana su ci gaba, suka kwashe kayansu. Da yawansu suka koma kwalejin Oberlin a 1835, bisa sharaɗin za a karɓi baƙaƙen fata, Finney kuma ya zo ya koyar. Cikin waɗanda suka fice daga Lane akwai Henry Stanton, wanda ya saurari Finney a Rochester. A rubuta sunansa a gefen allo.

Kada malam ya bar aji da zaton Turawa ne suka fara wannan yaƙi. Tun a 1817 baƙaƙen fatan Filadelfiya kusan 3,000 suka taru a cocin Bethel suka ce ba za su tafi ko'ina ba, ƙasar da guminsu ya gina tasu ce. A 1827 suka kafa jaridarsu ta farko a birnin Niyok. A 1829 David Walker, mai sayar da gwanjo a Boston, ya buga ƙasidar da ta girgiza jihohin kudu. Da Garrison ya fara jaridarsa The Liberator a ranar 1 ga Janairu 1831, yawancin masu sayenta na farko baƙaƙen fata ne, kuma James Forten, attajiri mai ɗinka filafilan jiragen ruwa, ya tallafa da kuɗi. A lokacin bayi sun kai miliyan 2, auduga kuma ita ce babbar hajar ƙasar, don haka masu masaƙu da 'yan kasuwar arewa ba su son jin zancen. A 1835 'yan zanga-zanga suka ja Garrison da igiya a titin Boston. A 1837 aka harbe Elijah Lovejoy a Alton ta jihar Illinois yana kare injin buga jaridarsa.

Idan lokaci ya ƙure har malam ya zaɓi takarda ɗaya tak da zai kawo aji, to ya kawo sanarwar cigiyar bawa. Weld ya auri Angelina Grimké a watan Mayu na 1838. Ita da yayarta Sarah 'ya'yan wani babban alƙali ne mai bayi a Charleston, sun bar gida saboda abin da suka gani. Su uku suka zauna suna tace dubban jaridun kudu, suka fitar da littafin American Slavery As It Is a 1839. Ƙarfinsa shi ne bakin masu bayi ne ke magana a ciki. Ubangida yana neman wanda ya gudu, sai ya siffanta shi don a gane shi: tabon bulala a gadon baya, harafin da aka ɗora da ƙarfe mai zafi a kunci, kunnen da aka yanke, haƙoran gaba da aka fasa, mari a ƙafa. Ya sa sunansa da garinsa da ladan da zai bayar. A raba wa ɗalibai irin wannan sanarwa, a tambaye su wa ya rubuta, me yake nema, me ya sa ba zai yi ƙarya ba. Cikin minti goma za su koyi yadda ake tuhumar takardar tarihi, darasin da zai bi su har ƙarshen karatu.

Mata ba su da ƙuri'a, amma suna da damar kai koke. Suka bi ƙofa-ƙofa suna tara sa hannu, har takardun koke a kan bauta fiye da 130,000 suka isa majalisar tarayya a 1837 da 1838. Majalisar wakilai ta riga ta kafa ƙa'ida tun 1836 cewa ba za a karanta su ba, tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ya yi ta fama da ita har aka soke a 1844. Da 'yan gidan Grimké suka fara jawabi a gaban maza da mata, limaman cocin Massachusetts suka fitar da wasiƙa a 1837 suna cewa mace ta fita daga matsayinta. Sarah ta mayar da martani da jerin wasiƙu a kan daidaiton maza da mata. A 1840 ƙungiyar kawar da bauta ta ƙasa ta dare biyu bayan an zaɓi Abby Kelley cikin wani kwamiti. A wannan shekara, a babban taron duniya na yaƙi da bauta a Landan, aka hana wakilai mata zama cikin mahalarta. Ɗaya daga cikinsu ita ce Lucretia Mott. A wurin ta haɗu da amaryar Henry Stanton, Elizabeth Cady Stanton, wadda ta biyo angonta.

Shekara takwas bayan haka suka kira taro a Seneca Falls, ƙaramin garin masana'antu da wani reshe ya haɗa da mashigin Erie, a ranakun 19 da 20 ga Yuli 1848. Cocin da ya ba su ɗaki na mutanen da suka ɓalle daga cocin Methodist ne saboda batun bauta. Mutum kusan 300 suka zo. Takardar da Stanton ta karanta ta ɗauki zubin takardar 'yancin kan Amurka ta 1776, ta jera koke-koke: dukiya, albashi, riƙon 'ya'ya, ilimi, mumbari. Mutum 100 suka sa hannu, mata 68 da maza 32. Cikin ƙudurorin da aka gabatar, na tara, mai neman ƙuri'a ga mata, shi ya raba kan taron. Mott da kanta ta ji tsoron zai mayar da su abin dariya. Wanda ya miƙe ya kare shi shi ne Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta a 1838, yake buga jaridarsa The North Star a Rochester tun 1847.

Wannan muhawara ta cancanci darasi guda cur. A raba aji, a ba wasu matsayin Mott, wasu na Stanton, wasu na Douglass, a ce kowa ya kawo hujja da abin da aka sani a 1848 kaɗai. A tabbata masu riƙe da matsayin Mott sun sami hujja mai ƙarfi, domin ba matsoraciya ba ce. Tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a fagen, kuma 'yan watanni kafin taron jihar Niyok ta amince wa matar aure ta mallaki dukiyarta, nasarar da ake gudun a ɓata da neman abin da ya yi nisa. Sai bayan an gama musu za a gaya wa aji cewa ƙudurin ya wuce da ƙyar, kuma ƙuri'ar ba ta samu a ƙasa baki ɗaya ba sai 1920. Cikin matan da suka sa hannu, Charlotte Woodward, mai ɗinkin safar hannu da ta zo tana budurwa, ta rayu har ta ga wannan shekara.

Akwai mutum ɗaya da manhaja ba ta cika ambata ba, alhali ajin Hausawa ya fi kowane aji haƙƙi a kansa. Mahommah Gardo Baquaqua ɗan garin Djougou ne, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. A nan ƙasashenmu aka kama shi, hannu ya miƙa wa hannu har bakin teku, kuma bai kamata malam ya tsallake wannan ba. An kai shi Barazil a 1845. A 1847 ubangidansa, mai tuƙa jirgin dakon gahawa, ya shiga tashar birnin Niyok da shi. Masu yaƙi da bauta suka kai maganarsa kotu, aka ajiye shi a kurkuku, ya tsere da taimakonsu, aka fitar da shi zuwa Haiti. Daga baya ya dawo ya yi karatu daga 1850 zuwa 1853 a kwalejin McGrawville a tsakiyar jihar Niyok, makarantar da ta haɗa baƙi da fari, mace da namiji, har da malamai baƙaƙen fata suna koyar da Turawa. Cikin masu ba ta kuɗi akwai Gerrit Smith, ɗan'uwan Elizabeth Cady Stanton. An buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854, a ciki ya bayyana garinsu da kasuwarsa da cikin jirgin bayi, da burinsa na komawa Afirka.

Littafin ɗan ƙarami ne, ana samunsa kyauta a intanet. Malam, malama, ku buga ko da shafi biyar ku raba wa ɗalibanku, ku sa su gano Katsina da Djougou da McGrawville a taswira da hannunsu.